Watandar Hatsi a Legas: Inda Ribar Take da Inda Ake Tafka Asara

Kullum da magariba, a bakin layinmu a Agege, akwai wani bawan Allah mai tura kurar ruwa da yake tsayawa gaban shagon kayan masarufi. Abin da yake saya ba ya canzawa: rabin gwangwanin shinkafa, ƙullin man gyaɗa a leda, dunƙulen magi biyu, albasa ɗaya. Sai ya zaro kuɗin daga aljihun ciki, ya warware su, ya ƙirga sau biyu kafin ya miƙa. Na daɗe ina ganinsa kafin wata rana na zauna na buga lissafi, na gane cewa duk unguwar nan babu mai sayen shinkafa da tsada kamarsa. Alhajin da yake tura direba kasuwar Daleko a Mushin a ɗauko masa buhu biyu, kilo ɗaya a wajensa ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi yake biyan farashi mafi tsada, kuma kullum sai ya biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da aka farke buhu aka mayar da shi awo, sai an ɗora riba. Daga babban dila zuwa mai sari, daga mai sari zuwa mai shago, daga bokitin fenti zuwa gwangwanin da mutanen Legas suke kira derika, daga derika zuwa rabinta, kowane hannu da nasa. Ban ga laifin mai shago ba. Yana biyan haya, yana asarar abin da ya zube da wanda ɓera ya ci, kuma shi ne yake ba mutane bashi ranar da babu. Sai dai jimillar waɗannan ƙananan ribobi a kan mai rabin gwangwani take sauka.

Kafin ma a kai ga shago, hatsin ya riga ya sha tafiya. Legas ba ta noma abin da take ci. Tumatir da tattasai daga Kura da Kadawa da Danja da Zariya suke zuwa, albasa daga Aliero da Sakkwato, wake daga Fataskum da Gombe da Maiduguri, masara daga irin su Saminaka da Giwa da Dandume, doya daga Zaki Biam da ƙasar Neja. Tirelar da ta yi lodi a Dawanau sai ta ci kimanin kilomita 1,000 kafin ta sauke a kasuwar Mile 12 ko ta Iddo, ta Mokwa da Jebba da Ilori da Ogbomosho da Ibadan. A wannan tsakani akwai dizal, akwai shingaye da ba sa ƙirguwa, akwai kwana a hanya in mota ta lalace ko gada ta karye, in an shigo gari kuma ga 'yan agbero masu tatsar direbobi da kuɗin ƙasa da 'yan dako. Igiya ce doguwa, siririya, kuma cikin miliyoyin mutane a kanta yake rataye.

Mun ga yadda take tsinkewa. Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas saboda korona, da sanarwar kwana ɗaya tal, kuma ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu. Motoci suka tsaya a Jebba kimanin mako guda, tumatir ya zama gwal a Legas alhali yana ruɓewa a gonakin arewa. A farkon 2023 sauyin takardun naira ya sa mutum yana da kuɗi a asusu amma ba zai iya sayen gwangwani ɗaya ba, domin mai awo ta ce ita tsaba take so. Sai 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa 488 a Legas cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Zuwa Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

In aka duba waɗannan da kyau za a ga cuta biyu ce, ko da yake mutane suna haɗa su wuri ɗaya su kira su matsi. Akwai tsada, wadda take cin aljihu a hankali, wata da watanni. Akwai kuma yankewa, wadda take zuwa dare ɗaya: kulle, dokar hana fita irin ta Oktoban 2020, rufe kasuwa irin na Mile 12 a Maris 2016, ambaliya. Yankewar da muka gani a garin nan daga mako ɗaya ne zuwa biyar ko shida, ba ta taɓa cinye shekara ba. Sayen haɗin gwiwa maganin ta farko ne. Ajiya a gida maganin ta biyu ce. Wanda ya cakuɗa su shi ne yake kwashe jarinsa ya cika ɗaki da buhuna, ya zo ya rasa kuɗin haya.

Shi sayen haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe. Watanda muka tashi muka gani: mutum goma ko ashirin su yi karo-karo su sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi-kashi a kan tabarma, tsoka da ƙashi da kayan ciki kowane kashi ya samu, sannan a jefa ƙuri'a don kada wani ya ce an zaɓa masa. Har gobe ana yi a nan, a je Oko-Oba a kamo dabba ana gobe Sallah. Adashi ma namu ne, maƙwabtanmu Yarabawa kuma suna da ajo da esusu. Abin da ya rage shi ne a ɗauko wannan tsari daga kan sa a ɗora shi kan buhun shinkafa da wake da jarkar mai. A layinmu gida goma sha biyu ne muke yi. Ana zubi duk Juma'a, ana sari duk bayan mako shida, ana rabo ranar Asabar da safe a tsakar gidan da ya fi fili.

To ina ribar take fitowa? Bari in kawo misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, kowa ya sa farashin ranarsa. A ce buhun shinkafa mai kilo 50 naira 60,000 ne a wajen mai sari. Buhu irin wannan yana ba da derika sittin da 'yan kai. In mai shago yana sayar da derika naira 1,200, wanda ya saya gwangwani-gwangwani har ya cinye buhu ya kashe sama da 72,000. Ratar dubu goma sha biyu ke nan ko fiye. Amma mutum ɗaya in ya tafi Daleko shi kaɗai, kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan dako da wunin da ya rasa a wajen sana'arsa za su cinye rabin wannan rata. In kuwa buhu goma aka ɗauko a ƙaramar mota ɗaya, kuɗin motar ya rabu goma, mai sari kuma zai yi ragi domin ya ga ciniki mai kauri, wata rana ma ya san za a dawo. A nan ribar farko take.

Ta biyu ta fi girma, kuma ita ce mutane suke mantawa: lokaci. Hatsi yana da kaka ko a Legas, ko da ba ma ganin gona. Masara da gero da dawa suna sauka daga Oktoba zuwa farkon shekara, sabon wake yana shigowa wajen Nuwamba da Disamba, tumatirin rani yana cika Mile 12 daga Janairu zuwa Maris har kwando ya faɗi warwas, albasa ma a rani take araha. Daga Mayu zuwa Agusta kuwa komai yana hawa, domin na bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Ƙungiyar da ta san wannan za ta ƙara zubi gabanin kaka ta sayi wake na wata uku ko huɗu, ta rage sayensa a damina. Haka kayan azumi: wanda ya bari sai an ga wata sannan ya nemi gero da sukari, ya saya tare da kowa a ranar da kowa yake nema.

Akwai wani kwaɗayi da yake kama mu 'yan arewa musamman. Da an zauna sai wani ya ce, ai ƙanina yana Dawanau, ko surukina yana noma a Giwa, me zai sa mu saya a nan? A turo mana kai tsaye. Wani lokaci yana yin kyau, musamman ga abin da ba shi da nauyi amma yana da daraja, irin su kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da kauɗar tumatir. Ga buhu mai kilo 100 kuwa sai an yi lissafi da idon basira. Babban dila da ya cika tirela shi kaɗai yana biyan kuɗin mota a kan kowane buhu ƙasa da wanda ya saƙala buhu biyar a motar wani. Ga kuɗin lodi can, ga na saukewa nan, ga ɗauka daga inda tirela ta tsaya zuwa unguwa. In buhu ya jiƙe a hanya ko ya zo da tsakuwa, wa za ka kama? Ɗan'uwanka ne, ba za ka iya buɗe baki ba. Sau da yawa in an tattara komai, farashin Mile 12 ko Ile-Epo ya yi kusa da na turowar, ga shi kuma kana ganin kaya da idonka, ka soka hannu cikin buhu kafin ka biya.

Gari da manja kuma ba fagenmu ba ne. Gidaje uku cikin ƙungiyarmu Yarabawa ne, kuma tun da suka shigo ba mu ƙara sayen manja mai algus ba. Matar ɗaya daga cikinsu takan ɗiga shi a bayan hannu ta shinshina ta ce a bar wannan, a je gaba. Mu kuma mu ne muke sanin wake na bana da na bara. Ban da wannan, a garin da ƙaramar rigima a kasuwa take iya juyewa ta zama ta ƙabila kafin la'asar, mutanen da suke raba buhu ɗaya duk bayan mako shida ba su da saurin yarda da jita-jita a kan juna. Wannan ma tanadi ne, ko da ba ya shiga littafin lissafi.

Yanzu ga inda yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suke mutuwa: awo da amana. Gwangwani ba ma'auni ba ne na gaskiya. Akwai derika mai buɗaɗɗen baki, akwai wadda aka bubbuge gindinta ya shige ciki, akwai cika mai tozo, akwai shafe. Tiya da mudun da muka sani a gida ma kowace kasuwa da nata. Rabonmu na biyu da gwangwani muka yi shi, kuma saura ƙiris ya zama na ƙarshe. Wata dattijuwa da muke kira Inna, wadda ta girmi iyayen wasunmu, ta tsaya kan tabarma tana kallo har aka gama, sannan ta ce da ni, "Ɗan nan, zo. Na farko da aka auna wa hannun mai awo da nauyi, na ƙarshe kuwa ya gaji. Ni ban ce an cuce ni ba, amma in kuna so abin nan ya kai baɗi, ku sayo sikeli." Na ce, "To Inna, in Allah ya yarda." Washegari muka sayo sikelin rataye. Tun daga ranar ake auna kowane buhu a gaban kowa kafin a farke shi, kuma a nan muka gano cewa ba duk buhun da aka rubuta wa kilo 50 ne yake cika ba. Akwai masu farkewa su ɗebi kilo biyu ko uku su sake ɗinkewa. Yanzu da sikelinmu muke zuwa kasuwa. Mai sarin da ya ɓata rai don an auna kayansa, ba ma komawa wajensa.

Kuɗi kuma kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya, komai kirkinsa. Ba don ana zarginsa ba. Mutumin kirki ne ɗansa zai kwanta asibiti da tsakar dare, ga kuɗin jama'a a hannunsa, ya ce bari in taɓa in mayar ranar Litinin. Daga nan zumuncin shekara ashirin yake rushewa. Mu abin da muka tsayar shi ne, mai karɓa daban, mai rubutawa daban, kowane zubi a karanta shi a bainar jama'a. Masu zuwa kasuwa mutum biyu ne daga gidaje biyu, kuma ana juyawa. Su dawo da rasit, a faɗi kuɗin mota da na dako har da ruwan da suka sha. Ladan wahalarsu a yanka shi a fili tun farko, domin aikin da aka ce na Allah ne kawai, ba a daɗewa sai mai yinsa ya fara biyan kansa a ɓoye. Ba a ba da kaso bashi. Ba a kuma juya kuɗin abinci a wata harka da sunan ya haihu kafin ranar sari. Waɗanda suka zuba a MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara masu alkawarin ninka kuɗi, wasunsu haka suka fara, da kuɗin da ba nasu kaɗai ba. In ƙungiya ta girma ta wuce layi ɗaya, gara ta yi rajistar ƙungiyar gama-kai ta buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku. Ni dai a ganina ƙarama ta fi lafiya, inda kowa ya san ƙofar kowa.

Sai ajiya, wadda a kanta ni kaina na sha kashi. Na tashi a gidan da ake da rumbu, inda damin gero yake shekara biyu ba abin da ya same shi. Da wannan tunani na sayi buhun masara guda a wata kaka, na jingine shi a lungun ɗaki a kan siminti, jikin bango. Da damina ta kankama, wata rana uwargida ta ce tana jin wani wari. Muka janye buhun. Gindinsa ya yi baƙi, ƙwayar ta dunƙule ta yi funfuna kore-kore, in ka damƙa sai ka ji ɗumi kamar an dafa. Sama da rabi muka zubar. Har na yi niyyar a wanke sauran a shanya a kai niƙa, wani maƙwabci da ya yi karatun aikin gona ya hana ni. Ya ce funfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda wanki da dahuwa ba sa kashe ta, tana cin hanta a hankali, tana kuma tsumburar da yara. Ko kaji bai yarda in ba su ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne iskar Legas ruwa ce. Rumbun arewa yana aiki ne da taimakon hunturu da bushewar ƙasa. A nan kuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba, hatsi yana shan danshi daga iska, daga siminti, daga bango. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce a sayi busasshe. Ciza ƙwayar: in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa da saura. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba hatsin cikin busasshiyar kwalba da ɗan busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ajiya ba, sai an ƙara shanya shi. Ta biyu, kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango; a ɗora shi kan katako, kuma a unguwannin da ruwa yake shiga ɗaki a ɗaga shi sama sosai. Ta uku ita ce ta fi muhimmanci: a hana shi iska. Jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe ƙarau, a cika ta da wake har wuya, a sa leda a baki a murɗe murfi tam. Ƙwarin da suke ciki da ƙwayayensu iskar za ta ƙare musu su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba, muddin ba a riƙa buɗewa ba. Shi ya sa ƙananan jarkoki da yawa suka fi babbar ganga ɗaya: ka buɗe guda ka cinye, sauran suna rufe. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro don wake, shi ma da wannan hikima yake aiki, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure shi daban.

Ina roƙon duk mai karanta wannan, don girman Allah, kada ya sa wa abincin gidansa maganin ƙwari. Sniper da danginsa guba ne, ba a yi su don abin da za a ci ba. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙwayar nan da ake kira bom kuwa, wadda ake jefawa cikin buhu, hayaƙi take fitarwa mai kisa. An yi ta ne don sito da ba kowa a ciki, a hannun wanda ya san aikinta. Mu kuwa a Legas ɗakin ajiyarmu shi ne ɗakin kwananmu, yara suna barci taku biyu daga buhun. A wajen saye ma a kula: waken da ya kwana biyu a kasuwa amma ko ƙwaro ɗaya ba ya kusantarsa, yana kuma warin magani, a bar shi.

Me ya kamata a ajiye? Abin da gidan yake ci dama, ba abin da aka ji wasu suna tarawa ba. Shinkafa, wake, gari, taliya, mai, gishiri, sukari, da kayan miyar gida busassu. A nan Bahaushe ya fi kowa sa'a a garin nan, domin mai kuka da daddawa da kauɗa da barkono zai yi wata guda yana miya ko tumatir ɗaya bai shigo Mile 12 ba. Hatsi a bar shi ƙwaya, a riƙa niƙa na mako ɗaya ko biyu, domin gari ba ya jure danshi. Firiza kuwa ba abin dogaro ba ce. Wuta ta ɗauke kwana uku, naman watanda ya tafi. Gara a soya shi ko a yi dambu. Kuma a riƙa ci daga tsohon kaya ana zuba sabo a baya, a rubuta wata a jikin kowace jarka.

Nawa za a ajiye? Ni ra'ayina na mako huɗu zuwa shida ya isa ga yawancin gidaje, in ban da wake da kayan miya da ake saya a kaka. Dalili ɗaya na faɗa, yankewar da muka gani ba ta wuce haka ba. Na biyu, ɗaki ɗaya ko biyu muke haya. Na uku, farashi ba hawa kaɗai yake yi ba. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya doshi naira 100,000, mutane suka ɗauka haka za a yi ta tafiya. Gwamnatin tarayya kuwa ta riga ta sanar a Yulin 2024 da janye haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu nau'o'in hatsi, ga kuma amfanin gona da ya shigo, sai a 2025 farashin shinkafa da masara ya sauko sosai, har manoma suka koka. Wanda ya ciyo bashi ya tara buhuna ya ci tsadar jiya wata da watanni.

Wasu kan tambaya ko wannan tanadi bai shiga ɓoye abinci da addini ya hana ba. Malamai sun bambanta su. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara, ya kuma tabbata ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai laifi. Wanda ake nufi shi ne mai saye ya danne lokacin da jama'a suke cikin buƙata don farashi ya tashi ya sayar, irin zargin da ya sa hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024. Abincin bakin 'ya'yanka daban. Sai dai ko shi, in gari ya shiga tsanani kaya suka yi ƙaranci, ba lokacin da ƙungiya za ta je ta share kasuwa ba ne. Tanadi a lokacin yalwa ake yinsa.

Abinci ɗanye kuma ba ya cika ciki. A kullen korona na ga gidan da yake da shinkafa amma gas ya ƙare. A samu abin girki na biyu, ko kurfoti ne da ɗan buhun gawayi, a kuma riƙa hura shi a waje, ba cikin ɗaki a rufe ba. A ajiye ruwan sha na 'yan kwanaki, da 'yan canji tsaba da ba a taɓawa, darasin 2023 ke nan. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya bari maganinsa ya kai ƙwayar ƙarshe kafin ya sayi wani.

Gwamnati tana nata. Jihar Legas ta buɗe kasuwannin Ounje Eko a Maris 2024, inda aka riƙa sayar da kayan abinci ranar Lahadi da ragin kashi 25 cikin 100, ga kuma kamfanin casar shinkafa na Imota da aka buɗe a 2023. In an samu irin wannan a amfana. Amma rabon da ake tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya, mun ga ƙarshensa. A Fabrairun 2024 a Yaba, wajen sayar da shinkafar da kwastan ta kama, buhu mai kilo 25 a naira 10,000, mutane sun rasa rayukansu a turmutsitsi. A Disambar 2024 aka sake gani a Ibadan da Okija da Abuja. Gidan da yake da abincin mako huɗu, uwar gidan ba za ta kwana a layi irin wannan da goyo a bayanta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan tsari da na zayyana, mai albashi da mai shago ya fi yi wa daɗi. Mai kurar ruwan nan fa? Da ɗan acaɓan da dokar hana babura ta 2022 ta raba da manyan hanyoyi, da mai wankin takalmi, da mai gadi, da 'yan ci-rani da suke kwana su takwas a shago ɗaya? Su hannu baka hannu ƙwarya suke, ba su da dubu ashirin da za su zuba a tashi ɗaya, ba su da lungun da za su ajiye jarka. In ƙungiya ta ce sai mai cikakken kaso, ta rufe ƙofa ga waɗanda suka fi kowa buƙatarta. Akwai hadisin mutanen Ash'ari, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da ƙwarya ɗaya, har Annabi ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Ba mu kai can ba, amma akwai abin da za mu iya.

Mun tsaga kaso ɗaya gida huɗu, ta yadda mutum zai iya shiga da rubu'i. Mun yarda a yi zubin kullum maimakon na mako, ko naira 300 ce, a hannun mai shayin bakin layi, shi kuma ya rubuta ya miƙa wa ma'aji ranar Juma'a. Mai shagon ma mun jawo shi ciki, ana ɗauko masa nasa kayan a motarmu ya huta da kuɗin mota, domin ba ma so mu karya mutumin da yake ba unguwa bashi. Wanda ba shi da wurin ajiya, Inna ta ba da lungun ɗakinta, kowace jarka da alamar mai ita.

Da na fara yi wa mai kurar ruwan maganar, shiru ya yi yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, in na zuba kuma ranar da ban samu ba fa?" Na ce masa ranar da bai samu ba babu wanda zai bi shi, abin da ya tara shi za a auna masa. Su huɗu suka haɗu, shi da abokan kwanansa, suka ɗauki rubu'i biyu. Asabar ɗin da ta wuce aka rataya sikeli a tsakar gida aka auna musu kilo 12 na shinkafa da kilo 6 na wake da lita biyu na mai. Ya bar waken a wajen Inna, ya ɗora shinkafar a kan kurarsa tsakanin jarkokin ruwa, ya tura ya fita.